Jikokin Mama a Kwalbar Gari

Tun tana yarinya Mama ba ta ga maciji da ƙwaron gari. Ta yi aure, ta raini 'ya'ya biyar, ba a taɓa tsintar ƙwaro a tukunyarta ba. Rariyarta na rataye a bayan ƙofar kicin, ba mai taɓa ta. Sai Allah ya ba ta auta mai nazarin ƙwari a jami'a, kuma ƙwarin gari ta zaɓa.

"Duk halittun duniya ki rasa na karantawa sai maƙiyana?"

"Mama, dangi ne fa, kamar mu," in ji Auta. "A ƙwayoyin gadonsu akwai wani guntu da ke ta maimaita kansa. Kowane jinsi da irin nasa, ya ɗan sauya daga na ɗan'uwansa. Yadda yake sauyawa nake bi."

"Au, irin labarin kamun kifin babanki da baffanki ke nan. Kullum shi ne, amma kifin sai ƙara girma yake."

Baba ya yi gyaran murya a falo.

Da na'urar ɗumama ƙwarin ta lalace a wurin aiki, Auta ta kawo kwalba ɗaya gida, ta jinsin da ya fi wuyar samu, wanda in babu shi bincikenta ya tsaya. Ta ajiye ta a kicin don ɗumi, ta fita ba ta ce komai ba.

Mama ta ga gari yana motsi. Ta sauko da rariya, ta tankaɗe shi tas, ta watsa wa kaji ƙwarin. Har da 'yar waƙarta.

Auta ta dawo ta ga kwalba wayam, ta zauna daɓas a ƙasa tana hawaye. Mama ta durƙusa kusa da ita. Can Auta ta ɗago.

"Garin fa?"

"Ga shi can, fes."

"Kar ki taɓa shi! Ƙila ƙwai sun bi ta rariyar."

"Ta rariyata? Ba abin da ke wuce ta!" Sai kuma Mama ta ce a hankali, "Allah ya sa ta ba ni kunya."

Aka mayar da garin kwalba. Mama ta naɗe ta da tsohon zane, ta hana kowa buɗe tagar kicin. Kullum sai ta sa tabarau ta leƙa. Baba na ta tsokana, wai a gaishe da mai jego.

Wata safiya ta ga wata 'yar tsutsa tana huda garin, ga wata a gefenta. Ta saki ihu har kaji suka watse.

"Auta! Taho ki ga jikokina!"

Auta ta shigo a guje, takalmi ƙafa ɗaya, suka rungume juna suna dariya.

Har gobe Mama na tankaɗe garinta. Amma in ta ga ƙwaro, sai ta kai wa Auta shi a murfin kwalba ta tambaya, "Wannan namu ne, ko na kaji?"