Jar Rigar Erwan

Tudal ne kukunmu. Tun yana saurayi yake bin jiragen kamun kifi daga Saint-Malo zuwa Newfoundland. Bai yi aure ba, bai kuma taɓa dafa miyar da gishiri ya yi mata daidai ba.

A wannan tafiyar igiyar ruwa ta tafi da Erwan, abokin hirarsa. Babu wanda ya yi kuka. Muka ci gaba da gyaran kifi muna zuba masa gishiri. Da sanyi ya tsananta, Tudal ya ɗauki jar rigar sanyin Erwan ya saka, har muka daina lura.

A garinmu, in an rasa mutum a teku, akan sassauto da tuta zuwa rabin sanda ranar dawowa, kowa ya jeru a gefen jirgi don iyalinsa su hango shi, su san ba shi aka rasa ba. Tudal ba ya fitowa, don ba mai jiransa.

"Kai tsoho, fito mana," in ji kyaftin, da muka doshi gaɓar garinmu. "Ko tukwanen ne matanka?"

Ya fito yana goge hannu. Mata sun cika gaɓa, sun yi tsit. Can sai ɗaya ta fara ɗaga hannu tana tsalle. Rozenn ce, matar Erwan. Ita ta saƙa rigar, ta ɗauka mijinta ta hango.

"Cire ta," na ce masa.

"Ta riga ta gani," ya ce.

Ya tsaya kawai. Jirgi yana ta matsawa kusa da ita, ita kuwa ba ta daina dariya ba.