Dda Lunis da Karkatacciyar Ƙota

Na Allah ne mu, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, da hantsi, ina shanyar ɓaure a kan rufi na ji sanarwa daga masallacin ƙauyenmu: Dda Lunis Ait Wali, mai sassaƙa ƙotar bindiga, ya riga mu gidan gaskiya.

Dda Lunis, har yanzu in na yi shiru rumfarka nake gani. Hasken safiya yana shigowa ta taga, ƙurar icen jauz tana yawo a cikinsa a hankali, fitilar kananzir tana ci da rana tsaka. Baƙo zai ɗauka mantuwa ka yi, alhali hayaƙinta kake so. Kakan kara ƙarfen bindiga a kan hayaƙin har ya yi baƙi, ka kwantar da shi cikin sabuwar ƙota, ka ɗaga. Duk inda baƙin ya taɓa ice, nan za ka kankare ɗan kaɗan. Sau ɗari, sau ɗari biyu, har ƙarfe ya kwanta ba motsi. "Sai sun saba da juna," kake cewa.

Shekara uku ke nan da reshen zaitun ya tsokane mini idon dama ya tafi da shi. Na gwada saiti da kafaɗar hagu, wallahi abin kunya: aladen daji yana tsaye kamar an ɗaure shi, na harbi dutse. Mazan gari suka koma fita farauta ba sa ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ba wanda ya faɗa mini baƙar magana, amma shirun nan ya ci mini rai. Na ɗauko bindigar mahaifina na kawo maka, na ce ka ba wanda zai more ta.

"Kai Mezyan, ido ka rasa ko hankali?" ka ce da ni. "Ɗora ta a kafaɗa in gani. Ta dama, sakarai, wadda ta san aikin!"

Ka auna ni da zare, daga kafaɗa zuwa kunci, daga kunci zuwa idon da ya rage. Sannan ka sauko da guntun jauz da ya shekara goma sha ɗaya yana bushewa, wanda kowa ya san ɗanka Akli ka ajiye wa. Ka ce za ka sassaƙa ƙota mai lanƙwasa, ta zauna a kafaɗar dama, bakin bindiga ya bi idon hagu. Masu zaman shan gahawa suka sa mata suna Gurguwa. Ka ce a bar su, ita da mai ita za su rama.

Rani biyu kana kanta, ni kuma ina zaune a gefenka ina kallo ina ƙorafi. Har na taɓa tambayarka ko sai na mutu za ka gama. Dariya kawai ka yi. Maganar nan tana cina, Dda, ka yafe mini.

Kwana uku da binne ka, matarka Nna Wardiya ta miƙo mini bindigar naɗe cikin bargo. "Ya ce saura wuri ɗaya," in ji ta. "Ya ce kallon ya isa haka, ka ƙarasa da hannunka." Na ɗaga ƙarfen. Tabo ɗaya ne baƙi, bai kai ƙwayar wake ba, kusa da shi kuma ga shatin babban yatsanka. Mako guda ina kallonsa. In na bari, bindiga ba za ta yi saiti ba. In na kankare, aikinka ya ƙare, kai ma ka tafi ke nan.

Jiya na kankare. Shatin yatsan na bar shi, ƙarfe ya kwanta a kansa. Ranar Asabar mazan gari za su hau dutse farauta, kuma ba zan jira su ba, ni zan bi gida gida in ƙwanƙwasa.

Nna Wardiya, Allah ya ba ki haƙurin wannan rashi, ke da 'yarki Faruja da jikoki. Akli, icenka ne a kafaɗata, ban manta ba. Kai kuma Dda Lunis, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa Aljanna ce makoma. Allah ya yalwata maka makwanci, kada ko wuri ɗaya ya matse ka. Amin.