Baba Yoila da Jinin Mutum Biyu Daga Dusuman

Ƙarfe bakwai na safe Baba Yoila yake sauka daga keken unguwar Gomari a ƙofar asibiti. Kafin ya gaisa da kowa sai ya buɗe firjin ɗakin gwajin jini. Ko mai gadi ya rantse masa wuta ba ta ɗauke ba, sai ya taɓa kwalabe da hannunsa ya ji sanyinsu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Abokan aikinsa suna cewa bai yarda da kowa ba. Gaskiya suka faɗa, kuma wannan halin ne ya sa ya cancanci jinjina.

An fi saninsa da auna jinin waɗanda maganin ƙwari ya shiga jikinsu. Akwai wani sinadari a jini da gubar ke dannewa, iya raguwarsa iya tsananin cutar. Lambar da gwajin ke nunawa ce ke taimaka wa likita ya san wanda zai riƙe da wanda zai sallama.

Bara, lokacin feshin wake, aka kawo Maikuɗi, wani manomi daga Dusuman, yawu na zuba, ba ya gane kowa. An riga an ɗura masa manja da madara a gida. Ƙaninsa Zayyad ya shigo riƙe da wuyan rigar Jona, ɗan ƙwadagon da ke taya su feshi.

"Shi ya miƙa wa Yaya kunu a gona," in ji Zayyad. "Daga nan wurin 'yan sanda za mu wuce."

Baba Yoila ya dubi Jona. Ba tausayinsa ya ji ba, shi ma zarginsa ya yi. Me ya sa yake gumi haka? Tsoron mai laifi ne? Da ya matsa kusa, sai ya ga ƙwayar idonsa ta ƙanƙance irin ta Maikuɗi. Ya nemi izinin likita, ya ɗebi jininsa shi ma.

Lambar Maikuɗi ta faɗi warwas. Ta Jona kuma rabi ta rage, alhali yana tsaye da ƙafarsa.

"Kai Jona, in bakin famfon feshi ya toshe, me kuke yi?"

"Hurawa muke da baki, Baba."

"Wa ya fi hurawa?"

"Maigida. Cewa yake ba ni da numfashi, wai tuwon da nake ci asara ne."

Zayyad ya yi tsaki. "Baba, ai coci ɗaya kuke zuwa. Dole lambarka ta wanke shi."

"Ɗana, lambata ba ta wanke kowa. Yawan guba take faɗa, ba ta faɗin wanda ya zuba. Amma ka yi daidai da ka zarge ni."

Ya cire sunaye daga kwalaben, ya miƙa wa abokiyar aikinsa Malama Rumaisa'u ta sake gwadawa a gaban Zayyad. Lambobin suka fito kamar dā. Aka kwantar da Jona a gadon da ke kusa da na maigidansa. Kwana uku bayan haka Maikuɗi ya farfaɗo, ya ce sau huɗu ya hura famfon a ranar, kunun kuma daga gidansa aka kawo.

An koya mana cewa zargi mugun hali ne. To, Zayyad ya yi zargi, kai ma ka yi, Baba. Me ya raba ku? Shi ya zargi mutum ɗaya ya tsaya nan. Kai ne ka zargi Jona, ka zargi kunun, ka zargi injinka, har ka bari aka zarge ka, ba ka yanke hukunci ba sai da ka auna. Mai shakka don gudun zalunci, sannu da aiki.

Mun gode, Baba Yoila. Allah Ya ba ka lafiyar hutawa. Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, ku koyi wannan taurin kan. Saboda shi ne yau Jona yake gonar wake da takunkumi a fuskarsa, ba a gidan yari ba.