Ranar da Aka Rufe Zauren Sista

Ƙanwata ta yi shekara talatin da huɗu tana karɓar haihuwa a asibiti. Kowa Sista yake ce mata, har ni da na goya ta. Makarantar mishan ɗaya muka yi. Ita ta fito da hannu mai sanyi da baki mai zafi, ni kuwa na fito da iya buga wasiƙa a tafireta, babu kuskure ko ɗaya.

Da ta yi ritaya, 'yarta ta buɗe mata zauren masu jego a intanet. Cikin shekara shida mata dubu tara suka shiga, daga ƙasashe biyar. Takan zauna a baranda, tabarau a ƙarshen hanci, tana amsa su da yatsa ɗaya.

Wata Talata ta sa hoton wata uwa, da izininta, don a ga yadda ake ɗora jariri a nono. Ta juya tana amsa wa wata sabuwar shiga da ta ce cibiyar ɗanta tana wari. Ta rubuta "Ki kai shi" ke nan, kafin ta ƙara "asibiti", allon ya ɗauke. An rufe zauren. Dalili: batsa.

"Batsa?" in ji ta. "Yaya, su waɗannan da cokali uwarsu ta shayar da su?"

Muka je ofishin kula da sadarwa. Jami'in ya ba mu kujera, ya ce, "Baba, kamfanin da ya rufe zauren ba a ƙasar nan yake ba. Dokarmu ba ta kai can."

"Amma hukuncinsu ya kawo har barandar ƙanwata?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce a ƙasarsu doka ta tilasta musu sa mutum ya saurari mai ƙara. Mu namu wani akwatin rubuta ƙorafi ne a waya, kuma sau ɗaya ake ɗaukaka ƙara.

Na ce a bar mini. Kwana uku ina tsara wasiƙar a takarda, sannan na kwafe ta cikin akwatin yadda aka koya mana: adireshi, kwanan wata, sunan ofishi, gaisuwar girmamawa. Kaina na kan takarda, ban lura akwatin harafi ɗari uku kawai yake ci ba. Na danna. Abin da ya isa gare su ya ƙare ne a kan "Ina mai ladabin sanar da ku cewa".

Bayan minti huɗu amsa ta zo: sun duba da kyau, hukunci ya tabbata.

Me suka duba? A zamaninmu ko akawun da ya fi kowa lalaci zai dawo maka da takarda ya ce ba ta cika ba, ya kuma sa hannu ka san wanda za ka zaga. Wannan ba suna, ba ƙofa.

"Sannu, sarkin wasiƙa," Sista ta ce. "Ka gaishe su, sun amsa."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. A wani tsohon littafi ta sami lambobin wayar mata sittin da ɗaya daga cikin 'yan zauren. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya ko wata ta san mai jaririn nan da cibiyarsa ke wari. Jiya ta kira ta ƙarshe. Babu wadda ta san ta.