Watan Huɗu na Takabata

Malam, maigidana, shi ne mai ganin wata a gidanmu. Da an idar da magariba sai ya hau turmin da na kife, ya dafa katanga, ya ce, "Ga shi can, kamar ƙumbar jariri." Ban taɓa riga shi gani ba. Ni kunne Allah Ya ba ni.

Ana shirin shuka ya rasu, takabata ta faɗo cikin damina, wata huɗu da kwana goma. Duk watan da ya tsaya sai in jefa ƙwayar gyaɗa a ƙoƙo. Ukun farko lafiya lau. A na huɗun, wanda daga shi zan ƙirga ranar fita, hadari ya rufe yamma kwana uku a jere. Na hau turmin nan har na kusa zamewa, ban ga komai ba.

Yayar Malam ta zo daga Fulatan ta ce ranar Talata ya tsaya, da idonta ta gani. Ƙanena ya bugo daga Karaye ya ce Laraba, haka ya ji a rediyo. To, in na fita kwana bai cika ba fa? Me zan ce wa Ubangijina?

Autata, mai koyarwa a Rogo, ta ce, "Inna, kwantar da hankalinki, waya ta san kwanan wata. Watan nan har taka shi an yi." Ta nuna mini a wayar wasu mutane a kumbure cikin fararen kaya kamar buhunan auduga, suna tsalle a kan toka.

Na ce, "Ina hasken?"

"Ba shi da nasa, Inna, na rana yake ara."

"Ke raba ni! To, su da suka je har can, Talata suka ce ko Laraba?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Gwaggon tata ta taɓe baki ta ce, "Waɗannan da ko alwala ba su yi ba?" Da yarinyar ta duba wayar kuwa, sai ga Litinin. Amsa ta zama uku, kaina ya ƙara ɗaurewa.

Na bi Laraba, tunda ita ce ta ƙarshe. Yayar Malam ta yi fushi, wai na ƙaryata idonta, ga shinkafar wainar sadaka ta riga ta jiƙa. Sai da na ba ta haƙuri ta sake jiƙa wata.

Har yau ban san ranar da watan nan ya tsaya ba. In kwana ɗaya na ƙara ko biyu, na bar wa Malam. Ya sha hawa turmi domina.