Doron Umaru

Ban taɓa mantawa da safiyar da Umaru ya faɗi da babur a burtalin rugar Ardo Jaɓɓi ba, can gaba da Gwashi. Tunda na ga an raba muku sababbin babura, kuma tun ba a je ko'ina ba wasunku sun rataye hular kwano a hannun babur kamar ƙwaryar fura, to ku zauna ku ji. Ni ma na yi zamani, ba da furfurar nan aka haife ni ba.

A farkon shekarun 1980 ne, lokacin duk ƙasar nan tana cikin Jihar Sakkwato. Ni da Umaru malaman allurar dabbobi ne a ofishin Gummi, wato mu ne ƙananan ma'aikata. Sama da mu akwai babban malami, Malam Haruna, sama da shi kuma likitan dabbobi, wanda sai mu yi wata ba mu ga ƙeyarsa ba. Aikinmu shi ne bin rugage muna yi wa shanu allurar bushiya, cutar nan da ke sa saniya zawo da majina ta share garke cikin 'yan kwanaki. Maganin ba ya son zafi, cikin fulas mai ƙanƙara ake ɗaukarsa. Dole ka isa ruga da sassafe kafin a saki shanu kiwo, kuma kafin ƙanƙarar ta narke. Duk saniyar da ka yi wa allura sai ka ɗan tsaga mata kunne don a shaida ta.

Da keke muka fara aikin, wani wurin ma da ƙafa. Ranar da aka kawo mana babura, wallahi ji muka yi kamar an naɗa mu sarauta. Kowane babur ya zo da kayansa: hular kwano, safar hannu ta fata, takalmi mai dogon wuya, rigar fata mai kauri a kafaɗa da gwiwar hannu, sai kuma wani abu da ba mu taɓa gani ba. Roba ce mai tauri an jera ta gaɓa-gaɓa, cikinta soso, tsawonta daga ƙeya zuwa ƙugu, da maɗauri a kafaɗa da ciki. Muka sa masa suna allon baya.

Malam Haruna ya tara mu gindin darbejiyar ofis, ya ɗaga allon ya ce, "Hannu in ya karye maɗori na nan. Ƙahwa ma haka. Amma ƙashin baya ba shi da maɗori. Kuma in waninku ya hwaɗi bisa bayanai, kak ku ɗaga shi, kak ku zaunar da shi. Ku bar shi kwance, ku nemo abu shimfiɗaɗɗe." Muka ce mun ji, amma hankalinmu duk yana kan baburan.

Matsala ta fara tun fitarmu ta farko. Zafi dai ba a magana, cikin rigar nan mutum dahuwa yake. Yaran gari kuma su bi mu suna ihun "ga kunkuru bisa babur". Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar shanu ce. Na shiga wata ruga kusa da Yargalma cikin cikakkiyar shiga, baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa, ina warin sabuwar fata. Shanu suka ɗaga kai suka dube ni sau ɗaya, sai garke ya watse. Suka tsinke igiyoyi, suka zubar wa mata da nonon da suka tatsa. Mai rugar ya ce in juya, ba ya son allura ranar. Ban da haka, ba ka isa ka tsaya gaban dattijo da fuska a rufe ka ce gaisuwa kake ba.

Daga nan muka fito da tamu dabarar, ba wanda ya rubuta ta, ba wanda ya faɗa wa Malam Haruna. In mun bar babbar hanya za mu shiga burtali, wato hanyar da shanu ke bi, sai mu tsaya gindin wata bishiya mu tuɓe kayan duka, mu ɗaure su bayan babur. Mu zura taguwa, mu kifa malafa, mu ƙarasa ruga kamar mutanen kirki. Ku lura da kyau: babbar hanya mai laushi muna binta cikin sulke, burtali kuwa, inda kofaton shanu ya kafe tun damina ya bushe kamar ƙarfe, ga ramuka ga duwatsu, nan muke bi da 'yar taguwa. Kuma duk muna ganin wayo muka yi.

Umaru kaɗai ya ƙi bin mu duka. Hula yana cirewa, rigar fata ma yana cirewa, amma allon baya ko kusa. Sai ya ɗora taguwarsa a kai, bayansa ya yi tozo. Nan ya samo sunan Mai Doro. Mun tsokane shi har muka gaji. Ni ne ma kan gaba, nakan ce masa, "Kai da raƙumi ban san wa ya ari na wani ba." Shi dai ya yi dariya ya ce in bar shi da Inna.

Innarsa ce dalili. Mahaifin Umaru ya faɗo daga giginya tun Umaru yana ƙarami, ya yi shekara da shekaru kwance a tabarma ba ya motsa ƙafa, ita ke juya shi, ita ke wanke shi, har Allah ya ɗauki ransa. Ranar da Umaru ya kai kayan gida, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Da ta zo kan allon ta ce, "Wanga hwa, na mi na?" Ya ce, "Shi ka tsare baya in mutum ya hwaɗi, Inna." Ta riƙe shi a hannu ta jujjuya shi. Sannan ta ce, "In ka hau babur ba ka ɗaura abin ga ba, ban yahe ma ba." Kullum da safe in ya durƙusa gaishe ta, sai ta ƙwanƙwasa bayansa da yatsa kamar mai buga ƙyaure. In ta ji ƙwas, ta sa masa albarka. Na gani da idona, don sau da yawa a ƙofar gidansu nake jiransa, ita kuma ta miƙo mini kunun tsamiya.

To, da bazarar wannan shekara aka aiko cewa bushiya ta ɓulla kusa da Gwashi, Malam Haruna ya tura mu biyu. Muka kwana Bukkuyum, muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Bakin burtalin Ardo Jaɓɓi muka tsaya gindin wata ƙirya muka yi abin da muka saba. Umaru yana gaba, ni ina bin sa. Har mun fara hango bukkoki, sai wani ɗan maraƙi ya faso daga cikin sabara ya gitta gabansa. Umaru ya kauce, tayar gaba ta faɗa ramin kofato, babur ya tsaya cak, shi kuma ya tashi sama. Ina kallo ya juya ya dira da bayansa a kan wani falalen dutse. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena.

Innalillahi! Ban san yadda na sauka daga nawa babur ɗin ba. Na same shi a miƙe, ido a buɗe, jini na zuba daga goshi. Ya ce, "Sani, ba ni jin ƙahwahuna." Abin da ya faɗo mini a rai shi ne Inna, da tabarmar nan, da yadda zan shiga gidan in ce mata abin da ya sami mijinta ya sami ɗanta.

Mutanen ruga suka sheƙo da gudu. Kun san halinmu, in mutum ya faɗi, tausayi shi ne a ɗaga shi a zaunar, a ba shi ruwa. Samari biyu har sun kama hammatarsa. Na daka musu tsawar da ban san ina da ita ba, "Kak ku taɓa shi!" Suka ja da baya suna hararata, suna ganin ko rashin imani ne. Ardo Jaɓɓi ya iso, dogon tsoho mai sanda a kafaɗa. Na durƙusa na ce, "Ardo, a yi haƙuri. Baya na. In anka lanƙwasa shi yanzu, shi da tahiya har abada." Ya dube ni, ya dubi Umaru, ya yi wa yaransa magana da Fulatanci, kowa ya matsa. Ya ɓalle ƙayar aduwa, na zare takalmin Umaru a hankali, ya soka masa a tafin ƙafa. Umaru ko gezau. Na ga fuskar Ardo ta canja.

Ya sa aka ciro gadonsa na itace daga bukka. Mu da yawa muka tura hannuwa ƙarƙashin Umaru, ni na riƙe kai, muka zame shi bisa gadon a miƙe da allon a jikinsa, muka kai shi inuwa. Aka tura mutum Gwashi neman mota. Ina zaune kusa da shi hawaye na zubo mini, ba zan ɓoye muku ba, sai ya ce, "Kai, mi kake jira? Nau fulas ya hwashe, naka na nan. Tai ka yi musu allura, ƙanƙara na narkewa." Na ce ya yi mini shiru. Ya ce, "Zamanka na warkar da ni?" Haka na tashi. Fulani na kamawa, ina soka allura ina tsaga kunne, idona na can gindin bishiya.

Hantsi ya ɗaga ina kan saniyar ƙarshe, sai na ji ihun Umaru. "Wayyo! Wane ɗan banza na?" Na yar da sirinji na ruga. Ashe Ardo bai bar wurin ba, yana zaune wajen ƙafafun, lokaci lokaci yana gwada ƙayarsa. Wannan karon ta shiga. Babban yatsan ƙafar Umaru yana motsi. Tsohon da aka zaga ya fashe da dariya yana cewa, "Zage ni, ɗana, ƙara zagina!" Mata suka rangaɗa guɗa daga bukkoki. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa ina hamdala.

Akori-kura ta kai mu asibiti da shi da gadon Ardo. Da aka yanka taguwar, muka ga allon ya dare tsakiya tun daga sama har ƙasa. Hoto ya nuna haƙarƙari sun tsage, kafaɗa ta goce, baya ya bugu ƙwarai amma bai karye ba. Likitan ya juya allon a hannunsa ya ce da ba don shi ba da wani zancen ake. Inna ta zo washegari. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta yaye mayafin da aka rufa masa ta ce, "Motsa in gani." Ya motsa yatsun. Sai a lokacin ta rufe fuska da gyalenta.

Malam Haruna kam ya wanke mu tas da ya ji yadda muke yi a bakin burtali. Ya ce, "Watau kun tuɓe kayan daidai inda aka yi su domin wurin?" Amma maganin abin daga ruga ya fito. Da na mayar wa Ardo gadonsa, ya tambaye ni dalilin da ya sa muke shigowa ba kayanmu. Na gaya masa shanu ke tsoro. Ya ce, "Don wannan? Bar mini rigar da hular." Ya kafa sanda kusa da inda ake ɗaure maruƙa, ya rataya rigar fatar Umaru, ya kifa hular a sama. Shanu suka yi kwanaki suna kewaye ta, daga baya suka fara shinshina, har suka koma sosa wuya a jikinta. Labari ya bazu rugage, wasu suka aiko a ba su aron tsofaffin riguna. Zagayowar shekara da kayanmu muke shiga har tsakiyar garke, hula kawai muke cirewa in za mu gai da manya.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. Haɗarin aikinmu ba a kan kwalta yake ba, yana ɗan guntun nan na ƙarshe, inda ka hango bukka ka ce ai an iso. Kuma mutanen da kake wa aiki ba su ƙi ka koma gida lafiya ba. In kayan kariyarka na damunsu, faɗa musu, ku nemi mafita tare, kada ka yanke hukunci kai kaɗai gindin bishiya.

Umaru ya koma kan babur bayan damina, da sabon allo da sabon doro, kuma ba wanda ya ƙara buɗe baki ya tsokane shi. Mun yi shekaru muna bin dazukan Anka da Gummi da Bukkuyum tare, zamanin da za ka kwana a kowace ruga a ba ka kindirmo da tabarma ba a tambaye ka ko kai wane ne ba. Ina kewar lokacin nan, ina kewar mutanensa.

Inna ta daɗe a duniya, ta ga jikoki. Ranar da ta rasu ina wurin. Da aka fito da makara, Umaru ya sa kafaɗa a gaba. Kun san yadda ake yi, ana tafiya ana karɓar juna. Mutane suka yi ta matsowa su karɓe shi, yana girgiza kai. Ni ma na matsa na ce, "Umaru, kawo in taya ka." Ya ce, "Bar ni, Sani. Bayan ga nata na." Da ƙafafunsa ya kai ta har bakin kabari.