Rumfar Ƙyallayen Gwaggo Hanne

Duk wanda ya zauna da Gwaggo Hanne a Babura ya san ba a zuwa gabanta da yagaggiyar riga. Allura ba ta barin ɗankwalinta, da zare a hancin allurar. Kana cikin gaishe ta sai ka ji an kama gefen rigarka. "Ci gaba da magana, da kunne nake ji, ba da hannu ba." In ka ce ɗinki a jikin mutum yana jawo tsiya, sai ta ce, "Tsiyar da ta wuce yawo da yaga?" Ni ɗiyar ƙanenta na sha zuwa makaranta da farin hijabi mai ɗinkin jan zare.

Shekarar da baƙi suka yi ta shigowa garinmu, wasu daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, wasu daga tsallaken iyaka, yawancinsu mata da goyo, Gwaggo ta bi telolin kasuwa shago shago tana kwashe ƙyallayen da suke zubarwa. Ta sa aka kafa rumfar kara a ƙofar gidanta, ta tara matan suna harhaɗa ƙyallen, suna fitar da zannuwan gado da jakunkuna da 'yan tsana, ran kasuwa a kai a sayar. Wani tela ya yi mata ƙorafi, "Gwaggo, ko na goge keke ba ki bar mini ba." Ta ce, "Goge da rigarka, in ta yage ka kawo."

Da labari ya kai birni, wata ƙungiya ta turo wani saurayi da ƙaton allo. Wandonsa a yage yake a gwiwa biyu, irin na gayu. Yana tsaye yana wa matan jawabi, Gwaggo ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta matso.

"Hajiya, ai haka ake sayar da shi," in ji shi.

"To an cuce ka, ɗana. Tsaya cak, kada in haɗa da fata."

Haka ya ƙarasa jawabin a sandare. Da ta gama ta ce in karanta mata allon. Na ce an rubuta cibiyar 'yan gudun hijira. Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ni ban ga mai gudu ba, duk a zaune suke." Aka ɗora allon kan bulo, ya zama teburin yanka yadi. Yaron kirki, bai yi fushi ba. Ya dawo mana da kekunan ɗinki, cikin lafiyayyen wando.

Amma abin da ba na mantawa shi ne na Rabi, wata matashiya da ta iso ba tare da kowa nata ba. Abin da ta gani a hanya ya ɗauke mata magana, ko sunanta a bakin abokan tafiya muka ji. An kai ta asibiti a Kazaure, suka ce maƙogwaronta lafiya lau. Kullum ƙara ramewa take, har muka fara tsoron kada hankalinta ya gushe. Gwaggo ta miƙa mata allura. Ashe gwana ce, ɗinkinta kamar na keke. Amma da yamma Gwaggo za ta ɗaga aikin, ta yamutsa fuska, ta ce, "Karkatacce," ta warware shi tas. Gobe ma haka.

Na ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah, baiwar Allahn nan da me za ta ji?"

Ta ce, "Ke da kike da baki, je ki ɗebo ruwa."

Ran nan ta kai hannu za ta warware, Rabi ta fizge zanen. "Wallahi ba ki isa ba! Ɗinkin nan ya fi naki, tsohuwa mai neman rigima."

Gwaggo ta ce, "Tun ran farko ya fi nawa. To, ya sunan garinku?"

Rabi ta fashe da kuka, mu ma muka taya ta, muna yi muna dariya. Ta faɗi garinsu da sunayen mutanenta. Aka ba fatake da direbobi cigiya, kafin damina ta faɗi aka gano yayanta da ransa, yana aikin gona a Roni.

Da Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa na ɗauka rumfar ta watse ke nan. Bayan an tashi zaman makoki na bi ta ƙofar gidan. Tun daga lungu na jiyo ƙarar kekuna, da muryar Rabi tana zaunar da wata sabuwar baƙuwa, tana cewa a zubo mata fura tukuna. Na jingina da katanga na sauke numfashi.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hanne. Yadda ta yi wa baƙi shimfiɗa, Allah ya yi mata wadda ta fi ta taushi, ya sa kada ta yi baƙunta a makwancinta. Amin.